Yadda za ka mai da tsohuwar kwamfuta ma'ajiyar lambobin waya da kalandar gidanka

Lambobin da ke cikin wayarka da alƙawuran da ke kalandarka bayanai ne marasa nauyi. Lamba dubu biyu, in babu hotuna a jikinsu, ba sa cika megabait biyu. Saboda haka kwamfutar da aka jingine shekara goma sha biyar, wadda ba ta iya buɗe YouTube ba tare da ta sandare ba, za ta riƙe su cikin sauƙi, ta kuma raba wa duk wayoyin gida. Ka ƙara lamba a wayarka, ta bayyana a kwamfutarka ta ofis. Uwargida ta sa ranar asibitin yaro a kalanda, ta fito a wayarka. Google da Apple ba sa cikin maganar.

Ƙa'idoji biyu ne ke ɗauke da aikin: CalDAV ta kalanda, wadda aka tabbatar a 2007, da CardDAV ta lambobi, a 2011. iPhone na jin su ba tare da ƙarin komai ba, Thunderbird, manhajar imel da kalanda ta kwamfuta, ma haka, Android kuwa sai an sa mata manhajar DAVx5. Uwar garken da za mu ɗora, wato manhajar da za ta zauna a kwamfutar tana raba wa wayoyi bayanan, ita ce Radicale. Akwai wata mai suna Nextcloud, amma tana buƙatar PHP da rumbun bayanai da ƙwaƙwalwa mai yawa, kuma ga wanda lambobi da kalanda kawai yake so, nauyi ne ba gaira ba dalili. Radicale ƙaramar manhaja ce ta Python, tana ajiye kowace lamba a fayil ɗinta na vcf, kowane alƙawari a fayil ɗinsa na ics. In ta lalace gobe, fayilolin suna nan, kowa na iya buɗe su ya karanta.

Zaɓen kwamfutar

In kana da laftof da kuma ta tebur, ɗauki laftof. Dalili na farko wuta: batirinta, ko da minti arba'in kawai yake riƙewa, zai tsallake da ita ƙananan ɗauke-ɗauken wuta da lokacin da ake canjawa zuwa janareta. Mutuwar farat ɗaya ita ce ke lalata faifan ajiya. Na biyu cin wuta. Tsohuwar laftof da allonta a kashe tana cin kamar wat 10 zuwa 15. A ce wat 12, wato kusan yunit 9 a wata. Ta tebur mai cin wat 60 za ta ci sama da yunit 43, kuma za ta zauna wa batirin sola a wuya cikin dare. Ram na gigabait 1 ya isa har da saura.

Kafin komai, duba abu uku.

Batiri. In ya kumbura, ko ka ga ya ɗaga madannai ko ya buɗe gindin laftof ɗin, cire shi gaba ɗaya, kada a bar shi a caji dare da rana.

Faifan ajiya. Bayan ka ɗora Linux, sa smartmontools ka gudanar da `sudo smartctl -a /dev/sda`. Layuka biyu za ka kalla: Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In lambar ƙarshen layin ba sifili ba ce, musamman na biyun, faifan ya kama hanyar mutuwa. In za ka canja shi, ƙaramin faifan SSD na gigabait 120 ya fi ƙarfin aikin, kuma ba ya jin girgiza.

Ƙaramin batirin agogo, mai kama da kwabo, yawanci CR2032. Idan ya mutu, duk lokacin da kwamfutar ta rasa wuta sai agogonta ya koma shekarun baya. Wannan yana da illa fiye da yadda ake zato: satifiket ɗin tsaro da ka ƙirƙira da agogo mara daidai zai fito da kwanan wata na ƙarya, wayoyi su ƙi shi, ita ma kwamfutar ta kasa sauke sabuntawa. Canja shi tun yanzu.

Ka kuma buɗe wajen fanka ka hure ƙurar. Laftof ɗin da ta sha hunturu da yawa tana da dunƙulen ƙura a bakin mafitar iska, kuma a zafin Afrilu za ta riƙa kashe kanta.

Ɗora Debian

Debian shi ne nau'in Linux da za mu ɗora. Sai ka san ko injin kwamfutar 64-bit ne ko 32-bit. Core 2 Duo da kusan duk abin da ya biyo bayansa 64 ne. Pentium M, Core Duo na farko, da Atom N270 na ƙananan laftof ɗin nan na wajen 2008, 32 ne kawai. Debian 13, wanda ya fito a Agustan 2025, ya daina fitar da na ɗorawa a kan 32-bit, don haka mai irin wannan injin sai ya ɗauki Debian 12 na i386, wanda za a ci gaba da yi wa gyaran tsaro har tsakiyar 2028. Sauran su ɗauki Debian 13 na amd64.

Sauke ƙaramin fayil ɗin netinst, ka rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher. Lokacin ɗorawa, in ka bar kalmar sirrin root, wato babban mai iko da kwamfutar, babu komai, mai amfani na farko zai samu ikon sudo, umarnin yin aiki da ikon root, kuma hakan ya fi sauƙi. A shafin zaɓen manhajoji cire alamar duk wani tebur mai hoto, ka bar SSH server da standard system utilities kawai. In da hali, haɗa kwamfutar da rauta ta waya mai igiya; wayi-fayin tsofaffin laftof yakan yi barci ya ƙi farkawa.

Da ta tashi, hana ta barci. Buɗe /etc/systemd/logind.conf ka sa `HandleLidSwitch=ignore`, sannan:

```
sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target
sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
sudo apt install systemd-timesyncd
```

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya sa Africa/Niamey, na Kumasi Africa/Accra. Mai ta tebur ya shiga BIOS ya nemi wajen da ake cewa Restore on AC Power Loss ya mai da shi Power On, don ta kunna kanta in an dawo da wuta.

Sai adireshi. Wayoyi za su riƙa neman kwamfutar a lamba ɗaya, in rauta ta canja mata lamba bayan an ɗauke wuta, daidaitawa ta tsaya cak ba tare da wani ya lura ba. Shiga shafin rauta, wajen DHCP, ka ɗaure adireshin MAC na kwamfutar, wato lambar shaidar katin sadarwarta, da lamba guda. A nan za mu ɗauka 192.168.0.50 ce, in rautarka tana kan 192.168.8 ko 192.168.1, gyara duk inda ka gan ta.

Ɗora Radicale

```
sudo apt install python3-venv python3-bcrypt apache2-utils git
sudo python3 -m venv --system-site-packages /opt/radicale
sudo /opt/radicale/bin/pip install radicale
sudo useradd --system --user-group --home-dir / --shell /usr/sbin/nologin radicale
sudo mkdir -p /etc/radicale /var/lib/radicale/collections
sudo chown -R radicale:radicale /var/lib/radicale
```

An ɗauko bcrypt, mai sirranta kalmar sirri, daga apt, mai girka manhajojin Debian, ne da gangan. In ka bar pip, mai girka manhajojin Python, ya nemo shi a kan injin 32-bit, zai so ya harhaɗa shi da Rust, tsohuwar kwamfutar ta yi ta nishi ƙarshe ta gaza.

Yanzu masu amfani. Kowa da sunansa:

```
sudo htpasswd -B -c /etc/radicale/users maigida
sudo htpasswd -B /etc/radicale/users uwargida
```

Lura da `-c`. A karon farko kaɗai ake sa shi, domin sabon fayil yake ƙirƙira. In ka sake sa shi a na biyu, ya share na farko, sai maigida ya wayi gari wayarsa na cewa kalmar sirri ba daidai ba.

Satifiket, don kada kalmar sirri ta riƙa yawo tsirara a wayi-fayi:

```
sudo openssl req -x509 -newkey rsa:2048 -nodes -days 825 \
 -keyout /etc/radicale/key.pem -out /etc/radicale/cert.pem \
 -subj "/CN=192.168.0.50" \
 -addext "subjectAltName=IP:192.168.0.50" \
 -addext "extendedKeyUsage=serverAuth"
sudo chown radicale:radicale /etc/radicale/key.pem /etc/radicale/users
sudo chmod 600 /etc/radicale/key.pem /etc/radicale/users
```

Kwana 825 ba zaɓin son rai ba ne. Tun iOS 13, Apple ba ya karɓar satifiket ɗin da ya wuce haka, ko wanda babu subjectAltName a cikinsa. Ka sa ranar ƙarewarsa a kalandar da kake ginawa.

Rubuta wannan a /etc/radicale/config:

```
[server]
hosts = 0.0.0.0:5232
ssl = True
certificate = /etc/radicale/cert.pem
key = /etc/radicale/key.pem

[auth]
type = htpasswd
htpasswd_filename = /etc/radicale/users
htpasswd_encryption = bcrypt

[rights]
type = owner_only

[storage]
filesystem_folder = /var/lib/radicale/collections
```

In ka manta layin hosts, Radicale za ta saurari kwamfutar da take kai ne kawai, wayoyi ba za su gan ta ba. Sai fayil ɗin da zai tashe ta duk lokacin da aka kunna, /etc/systemd/system/radicale.service:

```
[Unit]
Description=Radicale
After=network.target

[Service]
ExecStart=/opt/radicale/bin/python -m radicale
User=radicale
UMask=0027
Restart=on-failure

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Gudanar da `sudo systemctl enable --now radicale`. Daga waya ko wata kwamfuta buɗe https://192.168.0.50:5232. Birauza za ta yi gargaɗi kan satifiket, ka wuce. Shiga da sunanka, ka ƙirƙiri littafin lambobi ɗaya da kalanda ɗaya. In shafin bai buɗe ba, `journalctl -u radicale -e` zai faɗa maka dalili. Mafi yawa izinin fayil ne, wato mai amfani radicale ya kasa karanta key.pem ko ya kasa rubutu a folda.

A gida kawai, ko har a waje?

Yanke wannan shawarar kafin ka taɓa wayoyi, domin canja adireshi daga baya yana nufin cire asusu a sake sa shi a kowace waya.

Ga yawancin gidaje, daidaitawa a gida ta wadatar. Waya tana riƙe da kwafinta na lambobi da kalanda, tana aiki da shi ko'ina. Abin da ka ƙara a kasuwa zai jira har ka dawo ka hau wayi-fayin gida ya wuce. Babu abin da ya fita intanet, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wanda ke son ya isa daga waje zai ci karo da matsala guda. Shawarar da ake bayarwa ita ce a buɗe ƙofa a rauta, amma in intanet ɗinka na layin waya ne, MiFi ko rauta mai sim, galibi kamfanin ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin ya ba rautar, a shafin rauta: in ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, buɗe ƙofa ba zai yi komai ba, kada ka ɓata darenka. Ko da ma zai yi, ba mu ba da shawarar a tsayar da tsohuwar kwamfuta a bakin intanet ba.

Mafita ita ce Tailscale, wadda ke gina keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urorinka a kan WireGuard, kuma CGNAT ba ya tare ta. Sa ta a kwamfutar da kowace waya da asusu ɗaya. A shafin gudanarwarta kunna MagicDNS da HTTPS, ka mai da saitin Radicale zuwa `hosts = localhost:5232` da `ssl = False`, ka gudanar da `sudo tailscale serve --bg 5232`. Za ta ba ka adireshi mai ƙarewa da ts.net da satifiket na gaske, wanda iPhone ke karɓa ba gardama. A wannan shafin dai, kashe ƙarewar makullin kwamfutar, in ba haka ba bayan kwana 180 za ta fice daga hanyar sai an sake shigar da ita da hannu. Abu biyu za ka sani: wani kamfani ya sake shigowa tsakani, ko da yake ba ya ganin abin da ke wucewa, kuma Android VPN ɗaya take ɗauka a lokaci guda, in ka kunna wani, Tailscale ta sauka.

Wayoyi

A Android, DAVx5 kyauta ce a F-Droid, wata ma'ajiyar manhajojin Android, a Play Store kuma sayar da ita ake yi. Zaɓi shiga da adireshi da sunan mai amfani, sa https://192.168.0.50:5232/ da sunanka. Za ta nuna satifiket ɗin ta tambaya ko ka yarda, ka amince. In akwai iPhone a cikin na'urorinka, a tambayar rukunin lambobi zaɓi Groups are separate vCards, domin haka Apple yake ajiye rukuni. Sa alama a littafin lambobi da kalandar, ka ba ta izinin da ta nema.

Daga nan ne wayoyin Tecno, Infinix da itel ke ba da wahala, da ma wasu na Xiaomi da Oppo. Tsarin tanadin batirinsu yana kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, sai ka ga daidaitawa ta yi kwana biyu ta ɗauke. Shiga saitin batiri ka cire DAVx5 daga waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma ba ta izinin tashi da kanta a Phone Master, manhajar kula da wayar, ko abin da ya yi kama da shi. Mai daidaitawa a gida kawai ya kunna Sync over WiFi only ya rubuta sunan wayi-fayin gidansa, don kada ta riƙa jefo saƙon kuskure duk lokacin da ya fita. Canjin da ka yi a wayar yana tafiya nan take in akwai hanya, amma na wasu sai lokacin dubawa ya zagayo, wanda a asali awa huɗu ne. Kana iya rage shi.

In waya da kwamfuta suna kan MiFi ɗaya amma ba sa ganin juna, nemi AP Isolation a saitinta ka kashe.

A iPhone, tura cert.pem zuwa wayar, ka girka shi, sannan ka je General, About, Certificate Trust Settings ka kunna amincewa da shi. Mutane da yawa suna tsayawa a girkawa su manta wannan. Sai ka ƙara asusu ta Other, sau biyu: CardDAV don lambobi, CalDAV don kalanda, da adireshi haɗe da 5232.

Kwaso tsofaffin bayanai

A contacts.google.com fitar da lambobi a matsayin vCard. A Google Calendar na kwamfuta, cikin saiti, Import & export zai ba ka zif mai ɗauke da fayilolin ics. Kalanda ta fi sauƙin shigarwa ta Thunderbird: haɗa shi da Radicale, ka shigo da fayil ɗin cikin kalandar da ke uwar garke.

Lambobi kuwa, shigar da su ta manhajar lambobin waya, ka zaɓi asusun DAVx5 a matsayin masauki. Dalili shi ne wayoyin Android da yawa suna fitar da tsohon tsarin vCard 2.1, wanda ke rubuta haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ, da sunayen da aka rubuta da Larabci, a wata siga ta daban. In ka jefa fayil ɗin kai tsaye a Radicale, tana iya ƙin sa ko sunan Ɗanladi ya fito a hargitse. In ya bi ta waya, DAVx5 za ta sake rubuta shi da tsarin zamani. Dama ce kuma ta gyara lambobin su fara da +234 ko +227, don su yi aiki ko ka tsallaka iyaka.

Bayan ka tabbatar adadin ya yi daidai a waya ta biyu, kashe daidaita lambobi na Google, in ba haka ba kowane suna zai fito sau biyu. Sannan a manhajar lambobi ka mai da asusun DAVx5 wurin ajiye sababbi. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa: komai na aiki, amma sababbin lambobi suna ta tafiya sim ko ƙwaƙwalwar waya.

Kalandar da duk gida za su gani, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirƙiri mai amfani na uku, a ce masa gida, kowa ya ƙara shi a matsayin asusu na biyu. Game da ranakun Hijira, kada ka sa Sallah ko farkon azumi a matsayin abin da ke maimaituwa duk shekara. Maimaitawar tana bin kalandar Miladiyya ne, za ta kauce da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma ranar ma sai an ga wata an sanar. Da hannu ake sa su.

Ajiyar kariya

Daidaitawa kamar madubi take: in yaro ya goge lambobi ɗari a waya ɗaya, za ta goge su a uwar garke da sauran na'urorin da ke kan asusun, cikin biyayya. Haka nan in mutum biyu suka gyara abu ɗaya kafin a daidaita, DAVx5 na ɗaukar na uwar garke ta watsar da na wayar. Saboda haka ana buƙatar tarihi, kuma git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, na yin sa da kyau tunda komai fayil ɗin rubutu ne:

```
cd /var/lib/radicale/collections
sudo -u radicale git init
sudo -u radicale git config user.name radicale
sudo -u radicale git config user.email radicale@localhost
```

Ƙirƙiri .gitignore a wannan foldar mai layi uku: `.Radicale.cache`, `.Radicale.lock`, `.Radicale.tmp-*`. A ƙarƙashin [storage] ƙara:

```
hook = git add -A && (git diff --cached --quiet || git commit -m canji)
```

Sake tashin Radicale. Daga yanzu kowane canji na da rijista. `git log --stat` zai nuna lokacin da aka yi gogewar, ka tsayar da Radicale, ka dawo da fayilolin da `git checkout`, ka sake kunna ta.

Git ba ya maganin mutuwar faifai, tunda a kansa yake zaune. Soka filash, ka sa shi a /etc/fstab da kalmar `nofail` don kada kwamfutar ta ƙi tashi ranar da aka zare shi, ka rubuta /etc/cron.daily/ajiye-radicale:

```
#!/bin/sh
mountpoint -q /mnt/filash || exit 1
tar czf /mnt/filash/radicale-$(date +%F).tar.gz /var/lib/radicale /etc/radicale
```

Ba shi izinin gudana da `chmod +x`, kuma kada sunan fayil ɗin ya ƙunshi ɗigo, domin Debian na tsallake irin waɗannan. Layi na biyu yana hana shi cika faifan ciki in filash ɗin ba ya nan. Debian na gudanar da ayyukan kullum da ƙarfe 6:25 na safe. In a lokacin kwamfutar takan kasance a kashe saboda rashin wuta, sa anacron, wanda zai rama aikin bayan ta tashi. Lokaci-lokaci kwafi fayil ɗaya zuwa wata na'ura da ba ta cikin gidan, ka kuma buɗe shi ka ga da gaske akwai vcf a ciki. Bayan duk wata mummunar mutuwar wuta, `sudo -u radicale /opt/radicale/bin/python -m radicale --verify-storage` zai bincika ko wani fayil ya lalace.

Sabuntawa: sa unattended-upgrades ya riƙa ɗauko gyaran tsaron Debian da kansa. Radicale kuwa, tunda ta pip ta zo, apt bai san da ita ba. Duk bayan 'yan watanni yi ajiya tukuna, sannan `sudo /opt/radicale/bin/pip install --upgrade radicale`, ka sake tashinta ka duba journalctl. In ka ɗaga Debian daga 12 zuwa 13, Python zai canja daga 3.11 zuwa 3.13, foldar /opt/radicale ta daina aiki. Goge ta ka sake gina ta da umarnin venv da pip na sama, bayananka suna /var/lib ba abin da zai taɓa su.